Saita Wutar Injin Tsohuwar Mota: Darasi Daga Tashar Illela

Duk wanda ya taɓa zuwa Illela ranar Lahadi, ranar da kasuwar garin ke ci, ya san irin wahalar da mota ke sha a wannan yanki. Tun da hantsi motoci ke kwararowa daga Sakkwato ta Kware da Gwadabawa, tafiyar sama da kilomita 80, wasu kuma su ƙetaro daga Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, da yamma su juya maƙare da buhunan hatsi da albasa da awaki. Cikinsu har yanzu akan ga tsofaffin Peugeot 504, waɗanda muka fi sani da Fijo, irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya yi shekaru yana harhaɗawa. Sau da yawa direban irin wannan mota kan tsaya gaban bakanike yana kukan cewa motarsa ba ta da ƙarfi, ko tana zuƙar mai, ko lagireto na tafasa. Bakanike ya kasa kunne ga injin, ya ce sai an taɓa tayimin. To, mece ce wannan tayimin, kuma me ya sa ɗan juyin da bai kai faɗin farce ba yake iya raya injin ko ya kashe shi?

A cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka. Idan ya sauka sai ya zuƙo iska gauraye da fetur daga kafireta, idan ya hau sai ya matse su a ɗan ƙaramin fili, sa'annan fulogi ya ƙyasta wuta, su kama, zafinsu ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, daga baya ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Mai karatu zai zaci kamata ya yi fulogi ya ƙyasta a daidai lokacin da fistin ya kai ƙololuwa. Ba haka ba ne, domin kuwa fetur ba fashewa yake yi gaba ɗaya ba, ci yake yi. Wutar takan tashi daga bakin fulogi ta bazu zuwa bangon silinda kamar yadda gobarar daji ke cin ciyawa, kuma wannan yana ɗaukar milisakan 2 zuwa 3, milisakan kuwa shi ne kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa. A wurin ɗan Adam wannan ba lokaci ba ne, amma a wurin injin tafiya ce mai nisa. Injin da ke silo yana juyi 800 a minti, karanshaf ɗinsa kan ci kusan digiri 5 a kowane milisakan. Idan ya kai juyi 3,000 a minti, digiri 18 yake ci. Masana injiniya sun gano cewa an fi samun ƙarfi idan matsin wutar ya kai matuƙa wajen digiri 15 bayan fistin ya wuce ƙololuwa. Saboda haka tilas a kunna wutar tun fistin bai iso ba, kamar maharbin da ke auna gaban tsuntsu mai tashi, ba inda yake ba.

A motocin farko, irin su Ford Model T ta 1908, direba ne da kansa ke gaggauta wutar ko ya jinkirta ta da wani ɗan hannu a jikin sitiyari. Tsarin batir da kwayil da kwantak wanda ke cikin Fijo kuwa, wani Ba'amurke mai suna Charles Kettering ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910. Abin lura a nan shi ne, tartsatsi yana fita ne lokacin da bakin kwantak ya buɗe, ba lokacin da ya rufe ba. Yankewar wutar batir farat ɗaya ita ke sa kwayil ya haifar da ƙarfin lantarki na dubban bolt, distiribita ta raba shi ga fulogai. A cikin distiribitar akwai wasu ƙarafa biyu masu nauyi waɗanda ke buɗewa idan injin ya ɗauki gudu, su gaggauta wutar, sa'annan a gefenta akwai ɗan gwangwani mai tiyo zuwa kafireta, wanda ke ƙara gaggautawa idan mota na tafiya ba a danne totur ba. Aikin bakanike shi ne ya aza harsashin da waɗannan biyun za su ɗora a kai, wanda a yawancin irin waɗannan injuna yakan faɗa tsakanin digiri 5 zuwa 10 kafin ƙololuwa. Ainihin adadin yana cikin littafin motar.

Idan wutar ta makara, fetur kan ci gaba da ci har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe. Ƙarfin da ya kamata ya juya taya sai ya tafi a zafi, bututun hayaƙi ya yi ja, ruwa ya tafasa, mai ya tafi a banza. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan asara ba ƙarama ba ce ga mai motar haya. Amma gaggawar wuta ta fi makararta haɗari. Idan an ƙyasta da wuri ainun, matsi da zafi kan yi yawa har ragowar fetur ɗin da wutar ba ta riska ba ya fashe da kansa, sai a ji wata ƙara ƙyar-ƙyar-ƙyar kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Wannan ba shi ne abin da direbobi ke kira nokin ba, wato mutuwar injin, amma hanyarsa ce, domin yakan karya zoben fistin, ya ƙone gasket, wani lokaci ma ya huda kan fistin.

Abubuwa uku ke jawo wannan fashewa, kuma duka ukun sun haɗu a Illela. Akwai zafin bazara, wanda kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyos cikin Afrilu da Mayu. Akwai lodi fiye da kima. Akwai kuma man da ba a san asalinsa ba, irin wanda ake saye a galan wurin 'yan bumburutu, ko 'yan ruwa-ruwa kamar yadda ake kiransu a tsallaken iyaka. Ba duka ne gurɓatacce ba, amma wanda aka surka da kananzir yakan rasa juriyar matsi, abin da masana ke aunawa da lambar okten. Shi ya sa nake ganin al'adar saita tayimin da kunne tana da illa. Bakanike kan sassauta distiribita ya juya ta har injin ya yi zaƙin murya a silo, ya ɗaure. Sai dai injin da ba ya ɗauke da kaya yana son gaggawar wuta fiye da yadda zai iya jurewa in an ɗora masa buhu goma. Motar takan yi daɗi a gareji, ta fara kuka kafin Gwadabawa.

Hanyar da ta dace ba ta bukatar kayan tsada. Da farko a gyara tazarar bakin kwantak, wadda a Fijo milimita 0.4 ce, a auna da ma'aunin tazara, ba da kwalin sigari ba. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali ƙurar hunturu tana cinye ɗan dunduniyar da ke buɗe kwantak, tazarar ta ragu, wutar ta riƙa makara a hankali ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Wanda ya saita tayimin kafin tazara zai sake aiki.

Daga nan sai a juya injin da hannu ta fuskar da yake juyawa, har tsagar da ke jikin fuli ta yi daidai da alamar digirin da ake so. A tsohuwar 404 rami ne a jikin gidan kuloci, ake zura ƙarfe mai kaurin milimita 8 har ya faɗa tsagar filawil, kuma wajibi ne a tuna a zare shi kafin a tayar da mota. Sai a samo ƙwan fitilar mota mai bolt 12, a haɗa waya ɗaya a ƙafar kwayil mai zuwa distiribita, ɗayar a jikin injin. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a sassauta distiribita, a juya ta ta inda rota ke bi har fitilar ta mutu, sa'annan a komo da ita sannu a hankali. Inda fitilar ta kama, nan kwantak ya buɗe, nan za a ɗaure. A yi hattara da hannu, domin distiribita rabin gudun karanshaf take yi, digiri 1 a jikinta digiri 2 ne a injin. Kada kuma a bar makulli a buɗe ya daɗe, kwayil zai yi zafi. Ga wanda ya cire wayoyin fulogi, jerin wutar shi ne 1-3-4-2, amma Faransawa daga wajen kuloci suke fara ƙirga silinda, ba daga wajen fanka ba, abin da ya sha rikita yaran gareji da suka koyi aiki a kan motocin Japan.

Mai fitilar tayimin, wadda ke walƙiya duk lokacin da fulogi ya ƙyasta, ya fi samun daidaito. Injin na silo bayan ya yi ɗumi, a cire tiyon gwangwanin nan a toshe, a haska fuli, sai a ga tsagar kamar a tsaye take. In an taka totur ya kamata ta gusa. In ta ƙi, ƙarafan nan biyu sun cije da ƙura da tsatsa, kuma babu saitin da zai yi amfani sai an wanke su. Shi ma gwangwanin ana gwada shi da tsotsar tiyo, in iska na wucewa fatar cikinsa ta yage.

Motocin zamani sun huta da wannan duka, kwamfuta ce ke sauraron injin ta jinkirta wutar da kanta da zarar ta ji fashewa. A tsohuwar mota kunnen direba ne ke wannan aiki, kuma a kan titi ya kamata a yi amfani da shi. Bayan an gama saiti, a hau hanyar Sakkwato da irin lodin da aka saba ɗauka da irin man da aka saba sha, a sa babbar giya ana gudun kilomita 40 zuwa 50, a danne totur. In ƙarar ta ɗan fito ta ɓace, saiti ya yi. In ta zarce, a tsaya a jinkirta wutar da digiri 2, a sake gwadawa.