Ciwon Kunnen Kare: Shawara Ga Manoma Da Mafarautan Fadamar Haɗeja

Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana manoma da makiyaya da mafarauta na ƙasar Haɗeja, tun daga Auyo da Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri, a kan wata cuta da ke lalata mana karnuka kowace damina, wato ciwon kunne.

Na san wani zai ce mutane ma ba su gama samun magani ba, ina ta kare? To, ni mai noman rani ne, kuma duk wanda ya taɓa kwana a garkar tattasai ko gonar kankana ya san abin da kare yake tare masa. Makiyayi ya sani, mafarauci ma ya sani. Kunne kuwa shi ne jarin kare. Ranar da ya kurmance, mai gadinka ya tashi aiki, ɓarawo zai zo ya yi lodi ya tafi yana kwance. Malamai kuma sun karantar da mu cewa an yarda a ajiye kare don tsaron gona ko dabbobi ko farauta, kuma akwai labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ajiye dabba, haƙƙinta yana wuyansa.

Dalilin da ya sa cutar ta fi yawa a wajenmu ba ɓoyayye ba ne. Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne, yakan gangara ƙasa tukuna sannan ya karya ya nufi ciki, saboda haka ruwa ko datti in ya shiga ba ya saurin fita. Mu kuma a cikin ruwa muke zaune. Daga watan Agusta zuwa Oktoba kogi yakan cika ya malale fadama, kare ya wuni yana iyo a bayan kwalekwale ko yana ratsa shinkafa. A shekarun ambaliya irin 2020 da 2022 har cikin gidaje ruwa ya kwanta. Ga kuma kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 suka sauya tafiyar kogin, ta sa ruwa yana kwanciya a wasu wurare har rani. Danshi da zafi a cikin kunne su ne abin da ƙwayoyin cuta suke so.

Abin da nake so jama'a su gane shi ne, ciwon kunne ba iri ɗaya ba ne, maganinsa ma ba ɗaya ba ne. Na farko akwai wasu ƙananan ƙwari dangin kaska, da ƙyar ido yake ganinsu, suna zama a ramin kunne. Alamarsu baƙar dauda busasshiya kamar an barbaɗa garin gawayi, da ƙaiƙayi mai tsanani, kuma sun fi kama kwikwiyo. Suna bi daga kare zuwa kare, har kyanwar gida. Na biyu akwai ƙwayar cuta dangin yis ɗin burodi, ita takan ba da dauda mai maiƙo ruwan ƙasa da wari mai tsami. Na uku akwai bakteriya, mai kawo mugunya rawaya da ɗoyi da zafi. Na huɗu, wani abu ne kawai ya faɗa ciki, kamar ƙaiƙayin shinkafa ko ƙarangiya ko kaska. Irin wannan yakan zo farat ɗaya, a kunne guda, bayan an dawo daga jeji. Sai kuma na biyar, ƙudan da ke cin bakin kunne har ya yi gyambo, wanda shi a waje yake, ba a cikin rami ba.

To, ka ga wanda ya shiga kasuwa ya sayi kwalbar magani da ka, caca ya yi. Maganin bakteriya ba ya kashe ƙwaro, maganin ƙwaro ba ya fitar da ƙarangiya. Ka sayi na farko bai yi ba, ka sayi na biyu bai yi ba, kuɗin da za ka ba malamin dabbobi sau ɗaya ka kashe ninkinsa, ga kunne yana ƙara lalacewa. Shi ya sa nake cewa in kuɗinka kaɗan ne, wurin da ya kamata ka fara sa su shi ne wurin dubawa. Malamin dabbobi zai haska kunnen ya ga ko dodon kunne yana nan lafiya, in akwai madubin likita ya lakato daudar ya duba. Wannan magana ta dodon kunne ba ƙarama ba ce, domin wasu magungunan ɗigawa, irin masu Gentamicin ko Neomycin, in dodon kunne ya fashe suka wuce ciki suna iya kurmantar da kare gaba ɗaya.

Haka na yi da karyata a daminar bara. Na ga tana kaɗa kai tana susa da ƙafar baya, na buɗe kunnen na ga baƙar dauda. Mu huɗu masu maƙwabtaka a garka muka haɗa kuɗin man babur, malamin dabbobi ya zo ya duba karnukanmu rana ɗaya. Uku ƙwari ne, ya yi musu allurar Ivermectin daidai nauyinsu, ya ce zai dawo bayan mako biyu ya maimaita, saboda ƙwaron yakan ɗauki kamar mako uku daga ƙwai zuwa babba, allura ɗaya ba ta kashe ƙwai. Na huɗun kuwa ƙaiƙayin shinkafa ne ya maƙale, aka ciro shi da ɗan hantsaki, ko magani mai tsada bai buƙata ba. Da mai shi ya bi sahunmu ya sayi abin da muka saya, da ya yi asara banza. Amma ina jan kunnen 'yan uwa, kada don an ga makiyaya suna yi wa tumaki wannan allura kowa ya ɗauki sirinji. Ma'aunin kare daban ne, in ta yi yawa takan sa makanta da rawar jiki har mutuwa, musamman ga ƙananan kwikwiyo.

Abin da mutum zai iya yi a gida, wanda kusan kyauta ne, shi ne tsabta. A fara ɗaure bakin karen da tsumma mai laushi kamar takunkumi, domin mai jin zafi ko ubangidansa yana iya cizo. A sami ruwan gishirin nan da ake ƙara wa maras lafiya, ana samunsa a kemis da araha, a ɗan ɗumama shi a tafin hannu. A ɗaga kunnen a zuba kaɗan, a murza gindin kunnen a hankali har a ji yana ƙara, a sake shi ya kaɗa kai. Sannan a naɗe auduga a yatsa a goge iyakar inda yatsa ya kai. Kada a zura tsinke ko ashana ko gashin kaza, tura dattin ciki kawai suke yi. In an ba ka maganin ɗigawa, sai kunne ya bushe za ka ɗiga, kuma ka cika kwanakin da aka ce, yawanci mako ɗaya zuwa biyu, ko da ka ga ya daina susa a kwana na uku. Yankewa da wuri shi ke dawo da ciwon, ka koma sayen wata kwalbar. A kuma hana shi shiga ruwa har ya warke. Na bakin kunne da ƙuda ke ci, a wanke da ruwan ɗumi, a shafa man Basilin da kauri, a ɗaure karen a inuwa nesa da juji da turken dabbobi.

Akwai abubuwan da nake roƙon jama'a don Allah su bari. Na ga wanda ya ɗura wa karensa baƙin mai, na ga mai kananzir, na ga wanda wani mai tallan magani a kasuwa ya ce masa ya ɗiga fiya-fiya. Wannan na ƙarshen ko kwana karen bai yi ba, domin guba ce da ke ratsa fata. Haka nan magungunan ciwon jiki na mutane irin su Ibuprofen da Diclofenac suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Yanke kunne da wuƙa ma ba ya maganin abin da ke can cikin rami, sabon gyambo kawai ake buɗe wa ƙuda.

Akwai kuma lokacin da dabarar gida ta ƙare. In ka ga kare ya karkatar da kai gefe guda, yana tangaɗi ko zagaye wuri ɗaya, ciwon ya kai tsakiyar kunne. In fatar kunnen ta kumbura kamar ƙosai, jini ne ya taru saboda yawan kaɗa kai, kada ka huda da kanka. In ka ga tsutsa ko jini, ko ya daina cin abinci, to a nufi asibitin dabbobi ba jira.

Babban abin tsoro shi ne a ɗauki haukan kare a matsayin ciwon kunne. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, yana tangaɗi, yana kai cizo ga abin da bai saba ba, kada kowa ya kai hannu kansa, a tsare shi a kira ma'aikata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane kusan 59,000 ke mutuwa kowace shekara da wannan cuta, galibi ta cizon kare, kuma yara suna da yawa a ciki. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Allurar rigakafinta ga karnuka ana yin ta a nan gida, a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato.

A ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja da sashen kula da dabbobi na Jihar Jigawa, su riƙa turo malaman dabbobi ƙauyukan fadama ranakun kasuwa, musamman ƙarshen damina. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, ta kuma zo daidai lokacin da ciwon kunne ya fi yawa a wajenmu. In an zo rigakafi a haɗa da duba kunne. Sarakunan farauta da ardo-ardo su taimaka wajen tara jama'a. Mu kuma masu karnuka, mu riƙa buɗe kunnensu sau ɗaya a mako muna dubawa muna sansanawa, mu goge shi in sun fito daga ruwa. Rigakafi dai ya fi magani.



Naku,
Wani manomin rani,
Haɗeja, Jihar Jigawa.