Telebijin Ya Koma Cikin Jaka: Daga Fadan Kaje Zuwa Ikko

KAFANCAN — Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san irin kewar da ke kama mutum da magariba, ya kunna akwatin telebijin ya juya nan ya juya can, bai ji kalma ɗaya da harshen gida ba. Mutanen Fadan Kaje, watau ƙasar Bajju da ke Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, suna cikin waɗanda suka daɗe da sanin wannan kewa, domin tun da hanyar jirgin ƙasa ta mai da Kafancan mahaɗa a wajen 1927 'ya'yan wannan yanki ke gangarawa Inugu da Fatakwal, daga baya kuma Badun da Ikko, neman aikin reluwe da soja da 'yan sanda.

Shi telebijin ɗin ma daga Kudu ya faro. Ran 31 ga watan Oktoba, 1959 Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe tasha a Badun. Inugu ta biyo baya a 1960, sa'an nan Gwamnatin Sardauna ta buɗe ta Kaduna a 1962. Amma fa Kaduna ta yi wa Fadan Kaje nisa, hoton telebijin kuwa ba kamar muryar rediyo ba ne, ba ya son tsallake duwatsu. Jos ce ta fi kusa, ita kuwa sai a 1974 ta sami tata tasha, wadda ta riga kowace tasha a Nijeriya nuna hoto mai launi. A 1977 Gwamnatin Soja ta haɗe tashoshin duka ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda a ke kira NTA.

Dattawa ba su manta da wahalar wancan zamani ba. Sai a ɗaure eriya a kan doguwar gora, yaro guda yana waje yana juyawa, na cikin ɗaki suna ihun ya tsaya ko ya ƙara. Inda babu lantarki a jona wa akwatin batirin mota. Tasha ba ta buɗewa sai da la'asar, tsakar dare kuma ta rufe da taken ƙasa. Wanda ke son sanin ranar da Samanja Mazan Fama zai fito, ko Karambana na marigayi Ƙasimu Yero, ko Karkuzu daga Jos, sai ya nemi jarida ya duba ɗan gurbin da a ke buga tsarin shirye-shiryen ranar. In shiri ya wuce ka, ya wuce ke nan, sai dai ka ji labari a bakin maƙwabta.

Yanzu ɗan makarantar da ya zo hutun Kirsimeti daga Ikko yana shigowa Zonkwa da telebijin ɗinsa cikin jaka, watau kwamfutar tafi-da-gidanka. Babbar fa'idarta ga mai ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba ita ce batir. An ɗauke wuta, akwati ya mutu, ita tana nan tana aiki har sa'a biyu ko uku in batirin na da lafiya.

Hanya biyu a ke bi. Ta farko intanet ce, kuma ita ce ta fi sauƙi. Tashar Arewa24, wadda ta soma aiki a 2014 da Hausa zalla, ta sa shirye-shirye irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in a intanet, wasu tashoshin labarai kuma suna watsa nasu kai tsaye ta YouTube. Sai dai mai karatu ya yi hattara da aljihunsa. Kallon sa'a guda da hoto matsakaici yana iya lashe fiye da rabin gigabait na data, in kuwa an bar hoton a kan mafi kyawunsa abin ya ninka. Mai dabara yana rage kyawun hoton da kansa tun kafin shiri ya fara, domin a kan ƙaramin allo bambancin ba shi da yawa.

Hanya ta biyu ita ce wata 'yar na'ura mai tsawon yatsa da a ke cusawa a gefen kwamfuta, a haɗa ta da eriya. Ba ta cin data ko kaɗan, amma nan ne mutane ke asarar kuɗinsu. Yawancin irinta sabon tsarin dijital kaɗai su ke kamawa, kuma dole a duba a ga an rubuta DVB-T2 a jikinta, domin shi ne tsarin da Nijeriya ta zaɓa. An ƙaddamar da shi a Jos cikin watan Afrilu, 1 ga jerin garuruwa, a 2016, Kaduna ta samu a 2017, Ikko sai a 2021, bayan ƙasar ta saɓa wa'adin 2012 da na 2015. Bugu da ƙari, tashoshin da a ke biya wa kuɗi a kulle su ke. Na'urar za ta nuna sunansu reras, amma allo ya tsaya baƙi ƙirin. Saboda haka kada wanda ke Kurmi ya sayi irinta ya aika gida sai ya tabbata akwai abin da za ta kama a garinsu.

Tsarin shirye-shiryen nan da a da a ke nema a jarida, yanzu tare da hoton ya ke zuwa. Bayan na'ura ta gama laluben tashoshi, sai a buɗe jadawali a ga abin da ke tafe, wani lokaci har na mako guda, a kuma sa alama kwamfuta ta ɗauki shiri ta ajiye wa mai aikin dare. Abin da ya fi rikita mutane shi ne agogo. Kwamfutoci da yawa 'yan gwanjo ne daga Turai da Amurka, suna zuwa da lokacin can. Nijeriya tana gaban agogon GMT da sa'a guda, rani da damina. In ba a gyara wannan ba, jadawali zai nuna labaran ƙarfe tara a wani lokaci dabam, kwamfuta kuma ta ɗauko shirin da ba shi a ke so ba. Wasu tashoshin ma ba su damu da cika nasu gurbin ba, sai ka tarar da shi wayam.

Akwai wani gurbin da ya fi wannan damun iyaye 'yan Bajju da ke Kurmi. Hausa ta sami tashoshinta, har tsofaffin wasannin Samanja, wanda ya rasu a 2023, a na tarar da guntayensu a YouTube. Harshen Jju kuwa da wuya a gan shi a jadawalin wata babbar tasha. Abin da yaron da aka haifa a Ikko zai ji da harshen kakanninsa bai wuce waƙoƙin coci da bidiyon bukukuwa da 'yan gida ke ɗauka da waya suna turowa ba, su kuwa ba su da rana ba su da sa'a, sai ran da wani ya tuna ya aiko.