Sanƙo da Magungunansa: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu, saboda su ne jama'a su ke kawo wa tambaya, su ne kuma su ke ganin masu tallan magani a kasuwannin gundumominsu. Sanƙo ba ya kisa, ba ya kuma kwantad da mutum. Amma magungunan da a ke sha ko a ke shafawa dominsa suna da ƙarfi, suna iya taɓa zuciya da mazakuta da hankali, ɗaya daga cikinsu kuwa ya kan ɓoye wata babbar cuta daga idon likita. Magidancin da ya haura shekara 40 sau da yawa yana tare da hawan jini, ko ciwon sukari, ko wahalar fitsari. Irin wannan mutum tilas ya san abin da zai sa a kansa ko a cikinsa, kada garin neman gira ya rasa ido.

Yadda sanƙo ya ke farawa

A kan mutum lafiyayye akwai silin gashi wajen 100,000. Kowane sili ya kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, kusan rabin inci a wata, sa'an nan ya huta kamar wata uku ya faɗi, sabo ya fito a gurbinsa. Saboda haka zubar sili 50 zuwa 100 a yini ba cuta ba ce.

Sanƙon gado ya kan soma daga gefen goshi biyu, ko daga tsakar ka, ya bar gashin ƙeya da na bayan kunnuwa. Abu biyu ke haɗuwa su kawo shi, watau gado daga wajen uwa ko uba, da wani sinadari na maza da ke cikin jini, wanda likitoci su ke kira DHT. Wannan sinadari ya kan tsuke saiwar gashi sannu a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri, gajere, har saiwar ta daina aiki. A shekarar 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa babannin da aka dandaƙe kafin su balaga ba su yin sanƙo, sai fa in an ba su sinadarin maza, kuma akwai sanƙo a zuriyarsu. A kan wannan sani aka gina ɗaya daga cikin magungunan da za a ambata a gaba.

Hula da rawani ba su kawo sanƙo. Yawan aski kuwa ba ya ƙara wa gashi kauri, ba ya kuma rage shi.

Zubar gashin da ba sanƙo ba ce

Kafin a sayi kowane magani, wajibi ne a tabbata sanƙon gado ne. Akwai cututtuka da dama da ke zubad da gashi, kowace da nata magani.

1. Ƙora. Ta kan ci kai wuri-wuri, da ɓawo da ƙaiƙayi, ta fi kama yara. Tana yaɗuwa ta aska da mataji da aron hula. Man shafawa kaɗai ba ya kashe ta, sai an sha ƙwayoyi na makonni bisa umurnin likita.

2. Zazzaɓi mai tsanani, kamar taifot, ko babban aikin tiyata, ko yunwa. Gashi ya kan zube ko'ina a kai wata biyu ko uku bayan ciwon, ya kuma komo da kansa in jiki ya murmure.

3. Ƙarancin jini, wanda tsutsar ciki ko rashin abinci mai kyau kan jawo, da kuma cutar maƙoƙo. Awon jini ke nuna su.

4. Tunjere. A mataki na biyu ta kan ci gashi gutsi-gutsi kamar yadda asu ke cin riga. Allurar fanisilin ke warkad da ita, wanda ya bar ta kuwa za ta iya kai wa ga zuciyarsa da ƙwaƙwalwarsa.

5. Fili mai santsi, kewayayye kamar kwabo, da kan bayyana farat ɗaya a ka ko a gemu. Garkuwar jiki ce ke afka wa saiwar gashi, sau da yawa kuma gashin ya kan komo.

6. Ƙurajen ƙeya, waɗanda su ka fi samun baƙar fata masu yawan aski ƙwal. In an bar su su kan zama tabo mai tudu, gashin wurin kuwa ba ya sake fitowa.

Haka kuma magungunan ciwon daji suna zubad da gashi, allurai da ƙwayoyin da samari ke nema don ƙara ƙwanji kuwa suna gaggauta sanƙo.

Magani na farko: minoksidil

Asalinsa maganin hawan jini mai tsanani ne, wanda aka yarda da shi a Amurka a 1979. Da aka ga masu shansa suna fitad da gashi, sai aka yi na shafawa, aka yarda da shi a 1988. Ana sayad da shi da sunan Rogaine ko Regaine da wasu sunaye, akwai mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, akwai mai kashi 5. A kan shafa shi a busasshiyar fatar kai safe da yamma. A makonnin farko zubar gashi ta kan ƙaru, amfaninsa kuwa ba ya bayyana sai bayan wata huɗu zuwa shida. Ya fi aiki a tsakar ka, ga wanda sanƙonsa bai yi nisa ba. Ran da aka daina, gashin da ya samu zai zube cikin 'yan watanni.

Da ya ke maganin yana buɗe jijiyoyin jini, mai ciwon zuciya da mai shan maganin hawan jini kada su fara shi sai da iznin likita. Ba a shafa shi a kan gyambo ko ƙuraje ko yankan aska, domin ta nan ya ke shiga jini da yawa. Wanda ya ji bugun zuciya da sauri, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko ya ga ƙafafunsa sun kumbura, ya daina nan take ya tafi asibiti. A ajiye kwalbar inda yara ba su kai wa, don kurɓarsa hatsari ne gare su.

Waɗansu likitoci yanzu suna ba da ƙwayarsa kaɗan ƙwarai domin sanƙo. Wannan ta fi na shafawa taɓa zuciya, tana tara ruwa a jiki, tana kuma fitad da gashi a fuska da hannuwa. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ba ya shanta sai ƙwararre na duba shi.

Magani na biyu: finasterid

A ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji akwai wata 'yar tsoka kamar girman goro, wadda likitoci ke kira furostet. Ta kan kumbura da tsufa ta tsuke hanyar fitsari. Domin wannan aka fito da finasterid a 1992, ƙwaya mai miligiram 5, da sunan Proscar. A 1997 aka yarda da ƙaramar ƙwaya mai miligiram 1 domin sanƙo, da sunan Propecia. Aikinta shi ne ta rage DHT a jini da kusan kashi biyu cikin uku. Ga yawancin masu shanta kullum zubar gashi ta kan tsaya, waɗansu har gashi ya ƙaru. Ita ma ran da aka bar ta sanƙo zai ci gaba daga inda ya tsaya. Tana da 'yar'uwa mai ƙarfi, dutasterid, wadda Koriya ta Kudu da Japan su ka yarda da ita domin sanƙo.

Ga abubuwan da ya kamata a sani kafin a sha:

1. Mutane kaɗan, ƙasa da 5 cikin 100 a gwajin da aka yi, sun sami raguwar sha'awa ko raunin mazakuta. Ga yawancinsu abin ya wuce da aka daina, amma akwai waɗanda su ka ce nasu ya daɗe. Tana iya rage ƙwayoyin maniyyi, saboda haka mai neman haihuwa ya faɗa wa likita.

2. Wanda ya taɓa ciwon damuwa ya bayyana. A 2024 hukumar magunguna ta Ingila ta sa a riƙa saka katin gargaɗi a cikin kwalin, a 2025 kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta tabbatad da cewa maganin na iya kawo wa waɗansu tunanin kashe kai. Wanda ya ji zuciyarsa ta ƙuntata ya daina sha, ya ga likita.

3. Akwai awon jini mai suna PSA da a ke yi don gano ciwon dajin furostet. Finasterid ya kan rage sakamakon awon da kusan rabi. In dattijo ya ɓoye cewa yana sha, likita zai ga awo lafiya lau alhali cuta tana ciki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

4. Mace mai ciki kada ta taɓa ƙwayar da ta fashe ko aka niƙa, domin tana iya lalata al'aurar jariri namiji a ciki.

5. Mai shanta ba ya ba da jini sai ya yi wata ɗaya da dainawa, mai shan dutasterid kuwa sai wata shida. Mai ciwon hanta ya nemi shawara tukuna, don hanta ce ke sarrafa maganin.

Dashen gashi

A 1959 wani likita a birnin New York, Norman Orentreich, ya nuna cewa gashin ƙeya in an dasa shi a inda sanƙo ya ci ya kan riƙe halinsa na asali, ba ya zuba. Yau a kan ciro saiwoyi ɗaya ɗaya, dubu ko fiye, a dasa su kamar yadda a ke dashen shinkafa. Ƙasar Turkiyya ta yi suna a wannan sana'a, kuɗinta kuwa ba kaɗan ba ne. Dashe ba ya ƙara yawan gashi, wuri kawai ya ke sauya masa, sauran gashin kan kuwa zai ci gaba da zuba in ba a shan magani.

Mai ciwon sukarin da bai daidaita ba rauninsa ba ya warkewa da wuri. Mai shan maganin tsinka jini yana iya zubad da jini da yawa, kada kuma ya daina maganinsa da kansa don a yi masa dashe. Wanda tabonsa kan yi tudu bayan kaciya ko shasshawa ko ƙuraje, dashe na iya bar masa abin da ya fi sanƙo muni. Gashin baƙar fata kuma saiwarsa a lanƙwashe ta ke cikin fata, sai hannun da ya saba da ita.

Magungunan kasuwa

Man shanu da man kaɗanya da man darbejiya suna tausasa fatar kai, amma ba su tsayad da sanƙon gado. Ƙwayoyin bitamin ba su ƙara gashi ga wanda jikinsa bai rasa su ba. Ɗaya daga cikinsu, bayotin, in an sha da yawa ya kan rikita awon jinin maƙoƙo da na ciwon zuciya, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2017. Duk maganin da ba ya ɗauke da lambar rajistar Hukumar NAFDAC, da ranar lalacewarsa, a guje shi.

Abin da a ke roƙon Hakimai

Ana roƙon Hakimai su umurci Dagatai da Masu Unguwa su sanad da jama'a waɗannan abubuwa. Wanda gashinsa ya zube farat ɗaya, ko wuri-wuri, ko tare da ƙuraje, ko rama, ya tafi asibiti. Wanda ya je neman maganin sanƙo ya tafi da dukan magungunan da ya ke sha, na asibiti da na gargajiya, a kuma auna masa jini da sukari. In abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano a Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, Zariya.

A gargaɗi wanzamai su riƙa sauya reza ga kowane mutum, su tafasa asake, domin ƙora da ciwon hanta suna bin aska. Malaman Hakimai su rubuta sunan duk maganin da aka kawo ƙara a kansa, da kasuwar da aka saye shi, su aika wa sashen lafiya na Ƙaramar Hukuma.

Wanda ya zaɓi ya bar sanƙonsa ya yi aski ya sa hularsa, lafiyarsa ba ta ragu da kome ba. Wanda kuwa ya ke son magani, ya fara da likita.