Ciwon Gwiwar Tsofaffi: Yaushe Hoton Ƙashi Ke Da Amfani?

A ƙauyukan Gaya da Ajingi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da tsoho ko tsohuwa mai kukan gwiwa ba. Wani ya ajiye fartanya tun ana noman fari saboda ba ya iya sunkuyawa, wata kuma sai ta dafa bango kafin ta miƙe daga tabarma. Jama'a kan kira shi sanyin ƙashi ko amosanin gaɓɓai. Idan abin ya tsananta, sai 'ya'ya su haɗa kuɗi, wani lokaci har da sayar da akuya, su ɗauki tsohon ta hanyar Wudil zuwa Kano don a yi masa hoto. Ya kamata mai karatu ya san abin da hoton nan ke nunawa kafin a kashe kuɗin mota da na asibiti.

A cikin gwiwa, inda ƙashin cinya ya haɗu da ƙashin ƙwauri, akwai guringuntsi mai santsi da ke hana ƙasusuwan gogar juna. Da shekaru, da aikin ƙarfi, da ƙiba, ko tsohon rauni, guringuntsin nan kan cinye a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane kusan miliyan 528 ke fama da wannan ciwo a gaɓoɓi daban-daban, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa, kuma mata sun fi maza yawa.

Hoton ƙashi kuwa ya samo asali ne a 1895, lokacin da wani masani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Sai dai guringuntsi ba ya fitowa a wannan hoto. Abin da likita ke dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan biyu: idan guringuntsi ya cinye, tazarar sai ta ƙuntata, ƙashi kuma ya yi tsiro a gefe kamar ƙaya. Saboda haka ne ake so a ɗauki hoton mutum yana tsaye, nauyinsa a kan ƙafafunsa, domin hoton da aka ɗauka yana kwance kan nuna tazarar da ta fi ta gaskiya. A 1957 wasu likitoci biyu a Ingila, Kellgren da Lawrence, suka tsara matakan ciwon daga 0 zuwa 4, har yau kuwa da su ake aiki. Mataki na 4 shi ne inda ƙashi ya kusa haɗuwa da ƙashi.

To amma ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Hoto da zafin ciwo ba kullum suke tafiya tare ba. Akan sami dattijon da hotonsa ya nuna gwiwa ta lalace ƙwarai, amma yana zuwa gona da ƙafarsa, a kuma sami wanda ba ya barci saboda zugi alhali hotonsa bai nuna komai sosai ba. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta bayyana a 2022 cewa mai shekara 45 ko fiye, wanda gwiwarsa ke ciwo in ya yi aiki ko tafiya, kuma sandarewar safe ba ta wuce minti 30, likita zai iya gane ciwonsa da tambaya da dubawa kawai, ba sai da hoto ba.

Akwai kuma lokacin da jinkiri ke da haɗari. Idan gwiwa ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi. Ko tsoho ya faɗi ya kasa taka ƙafar. Ko ciwon na hana barci yana kuma ramewa, to a garzaya asibiti. Yana iya zama karaya, ko ƙwayoyin cuta ne suka shiga gaɓar, har da na tarin fuka. Haka nan idan ƙafa ta fara gwamewa, ko ana shawarar tiyata, hoto ya zama dole. Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, nan ne ake tura irin waɗannan. Shi kuwa hoton MRI, wanda ke nuna jijiyoyi da guringuntsi, yana da tsada, kuma yawancin tsofaffi masu wannan ciwo ba su bukatarsa.

Saboda haka, a fara da asibitin kusa, kamar Babban Asibitin Gaya, a bar likita ya faɗi ko akwai bukatar hoto. In an yi, a adana shi tare da takardar bayaninsa, a riƙa zuwa da su duk ranar ganin likita, don kada a sake biya. Hasken da ake amfani da shi a hoton gwiwa ɗan kaɗan ne, kada tsoro ya hana kowa.

Hoto ba magani ba ne. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa, amma motsa gwiwa kullum don ƙarfafa naman cinya, rage ƙiba, da riƙe sanda a hannun da ke ɗaya gefen ƙafar mai ciwo, suna rage wahala ƙwarai. Wanda durƙuso ke ba shi wuya wajen ibada ko ban ɗaki, a nema masa kujera. A yi hattara da ƙwayoyin kashe zafi na 'yan tebur, irin su diclofenac da piroxicam, domin yawan shansu kan jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda, musamman ga tsofaffi. Sakiya da tsaga a kan gaɓa kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Iyayenmu sun yi mana noma da ƙafafun nan muna ƙanana. Hakkinsu ne a kanmu mu kai su inda za a duba su da ilimi. Allah ya ƙara musu lafiya.