Laifin Sola Ne Ko Na Mai Ita?

Na gaji da jin maganar nan a majalisu da kasuwannin ƙauye, wai sola yaudara ce, ba ta wuce shekara sai ta mutu. Saboda wannan jita-jita, mutum yana zaune a ƙasar da rana ke ƙona ƙeya kusan duk shekara, amma ya gwammace ya ci gaba da zuba wa janareta fetur. Alhali tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa.

Aikin sola ba ɓoyayye ba ne: faranti ya karɓi hasken rana ya mayar da shi lantarki, batir ya adana.

To me ke mutuwa? Da wuya ka ga faranti ya mutu. Mai kyau yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Batir ne ke mutuwa, kuma galibi mu muke kashe shi da hannunmu. Mutum zai sayi faranti mai wat 300, wanda a yini mai hasken kirki zai ba shi kimanin kilowat-awa ɗaya da rabi. Wannan ya ishi ƙwayayen fitila, fanka, talabijin da cajin waya. Sai uwargida ta jona dutsen guga mai cin wat 1,000, yaro ya tsoma hita a bokiti. An ɗora wa jaki kayan raƙumi, ya durƙushe, an koma ana zagin jakin. Wani ma batirin mota zai sa don araha, alhali an ƙera shi ne don tayar da inji, ba don a tsotse shi kowane dare ba. Haba jama'a!

Masu cewa sola ba ta aiki da damina su ma sun yi kuskure. Hadari yana rage ƙarfinta ne kawai. Akwai kuma jabun kaya a kasuwa, masu ɓata wa sola suna.

Kafin ka sayi komai, zauna ka lissafa kayan da za ka kunna da awannin da za su yi, ka kai wa wanda ya koyi aikin, ba ɗan maƙwabci mai karambani ba. Kada ka haɗa faranti da batir kai tsaye, sai da na'urar daidaita caji. Faranti ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, nesa da inuwar darbejiya. Da hunturu ƙura na rufe shi, don haka a riƙa goge shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya ɗau zafi. Batirin ruwa kada a bari ya sauka ƙasa da rabi. Aiki mai nauyi, kamar jan ruwa da kunna firji, a yi shi da tsakar rana.

Kuma don Allah kada amfanin sola ya tsaya ga kallon ƙwallo. Shagon caji, aski, sayar da ruwan sanyi da ƙanƙara, ban ruwa a fadama, duk sana'o'i ne da ke mayar da kuɗin da aka kashe. Lokacin da aka lalata layin lantarki na Shiroro zuwa Kaduna a Oktoban 2024, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu, masu sola kuwa suna ta ciniki.

In kuɗinka bai kai ba, fara da ƙarami mai inganci, ka riƙa ƙarawa a hankali.