Wai Shin Yaya Kamannin Malam Zurƙe Suke?

Uwargida, in kina son ki sha mamaki, ki buɗe bayan littafin lissafin ɗanki. A Barnawa, kamar sauran unguwannin Kaduna, da wuya ki rasa zanen Spiderman ko Superman a ciki, an yi shi tsaf har da launi. To amma ki ce da yaron nan ya zana miki Gandoki. Sai dai ya yi zuru yana kallonki, don bai taɓa jin sunan ba.

Alhali kuwa muna da namu jaruman, kuma gasa ce ta haife su. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar ƙaga labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, mai Alhaji Imam da abokin tsiyarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman, da kuma Gandoki na Bello Kagara, wanda ya gwabza da Turawa har ya kai ƙasar aljanu. A 1937 aka fara fitar da Magana Jari Ce, inda aku ya yi ta ɗauke hankalin ɗan sarki da labarai har ya zama waziri. Ga kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da dokinsa Ƙwalele.

Me zai hana makarantun Barnawa su haɗu su sa wa ɗalibai gasar zana waɗannan mutane? Sharaɗin guda ɗaya ne: kowa ya karanta littafin, ya zano mutumin yadda ya gan shi a ransa, ban da kwafar hoton da ke ciki. Wani zai kawo Malam Zurƙe cikin Keke Napep yana rigima kan canji. Wata za ta ɗora aku a kan teburin ofis, manya na jiran shawararsa. Wani kuma ya tsallako da Iliya gadar Kogin Kaduna bisa Ƙwalele. Duk yaron da ya iya yin haka, to wallahi ya karanta, kuma ya gane.

Barnawa ta dace da wannan, don unguwa ce da ta tara ƙabilu. Ɗan Bajju da ɗan Ibo da ɗan Bayarabe duk suna jin Hausa, sai a bar kowa ya ƙaro da jarumin tatsuniyar gidansu, a jera su kusa da Gizo da Ƙoƙi.

Kada a raina abin, a ce wasan yara ne. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, suka ce za su riƙa ɗebo zanensu daga al'adun gida. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya zana mutanen tatsuniyoyin Ibo, da Bruce Onobrakpeya. Dukkansu sunansu ya zaga duniya.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: takarda, fensir, launi, da 'yar kyauta. Kyautar ma in littattafan ne, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Saura ku iyaye. In kun kama yaro yana zane, a ajiye bulala tukuna. A saya masa Ruwan Bagaja, a ce ya karanta ya zano Malam Zurƙe a gani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.