A Kula Da Birkin Babur

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, babur ne jakin zamani. Shi ke kai hatsi kasuwar Sheme, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Amma ƙurar rani da taɓon damina suna kashe birki.

Wasu babura suna da faifan ƙarfe a tayar gaba. Abin da ke matse faifan shi ne kalifa. A cikinsa akwai takalman birki biyu. Idan datti ya taru, sai kalifa ya cije, birki ya riƙa ƙara ko ya ƙi kamawa.

Ga abin yi. A kwance kalifa, a wanke da ruwan sabulu da tsohon buroshi, a bari ya bushe. Kada a sa kananzir ko fetur, suna lalata robar ciki. Kada giris ko baƙin mai ya taɓa faifai. Takalmin da kaurinsa bai kai milimita 2 ba, a canza shi. Man birki kuwa, duk shekara 2.

Bayan an ɗaura, a matsa hannun birki har ya yi tauri kafin a hau titi. Rigakafi ya fi magani.